Sinawa sirara ne, ga koren shayi a hannu: to me ya sa ciwon zuciya ke ɗibarsu haka?

Tambaya: Likita, ni ɗan kasuwa ne, na fi shekara goma ina zuwa Guangzhou sarin kaya. A da na ɗauka Sinawa ba sa ciwon zuciya, don ga su sirara, abincinsu ganye, kullum da koren shayi a hannu. To bara mutumin da nake saro kaya a wurinsa ya yanke jiki ya faɗi a shago, shekarunsa ba su kai 55 ba, yanzu ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye. Ɗansa ya ce mini abin ya zama ruwan dare a ƙasarsu. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya jawo?

Amsa: Alhaji, Allah Ya ba abokin cinikinka sauƙi. Ɗan nasa bai ƙara gishiri a magana ba, ko da yake gishirin ne ma babban mai laifi a wannan labari, kamar yadda za ka gani.

Cibiyar kula da cututtukan zuciya ta ƙasar Sin, wadda ke asibitin Fuwai a Beijing, tana fitar da rahoto duk shekara. Ƙiyasinta na 'yan shekarun nan shi ne mutum miliyan 330 ke ɗauke da wani ciwo na zuciya ko na jijiyoyin jini. Miliyan 245 daga cikinsu masu hawan jini ne, wato adadin da ya kai yawan mutanen Najeriya gaba ɗaya ko ya ɗara. Miliyan 13 sun taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, miliyan 11 da ɗoriya suna da toshewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, kusan miliyan 9 kuma zuciyarsu ta gaza. A shekarar 2020, cikin duk mutum ɗari da suka rasu a karkara, 48 waɗannan cututtuka ne ajalinsu, a birane kuma kusan 46. Ciwon daji ma, da ake jin tsoronsa, bai kai haka ba.

Amma kada waɗannan alƙaluma su ruɗe ka, domin suna da fuska biyu. Daga 1990 zuwa 2016 yawan masu mutuwa da cututtukan zuciya da jijiyoyin jini a shekara ya tashi daga miliyan 2.5 zuwa kusan miliyan 4. A daidai wannan tsakanin, in aka gyara lissafin aka cire tasirin tsufa, haɗarin mutuwar ya ragu da kusan kashi 29 cikin ɗari. Ma'ana, Basine ɗan shekara 65 a yau ya fi mahaifinsa damar tsira lokacin da shi ma yake 65, sai dai 'yan shekara 65 ɗin ne suka yi yawa. Ƙidayar 2020 ta samu mutum miliyan 264 da suka kai shekara 60 ko suka wuce. Jama'ar da a da tarin fuka da gudawa da haihuwa ke kashe su da ƙuruciya, yanzu suna daɗewa har jijiyoyinsu su tsufa. Wannan ɓangaren ribar ci-gaba ce, ba abin kuka ba. Abin kukan shi ne irin abokinka, wanda bai kai 55 ba.

Akwai kuma abin da ya kamata in warware tun da wuri, tunda abin da ya sami mutuminka shanyewar ɓarin jiki ne. Mu likitoci mukan haɗa ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki a kwando ɗaya, don asalinsu ɗaya ne: jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe. In ta toshe a zuciya, mutum ya ji ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutse. In ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, sai baki ya karkace, hannu da ƙafa su mutu. A Amurka da Turai ta zuciyar ce ta fi kisa. A Sin kuwa shekara da shekaru ta ƙwaƙwalwar ce ke kan gaba, kuma kason da jijiya ke fashewa jini ya malala a cikin kai ya fi na Turawa yawa. Duk inda ka ga wannan salo, to nemi hawan jini, shi ne a gindin maganar.

Sinawa sun daɗe suna auna jinin al'ummarsu, shi ya sa muke iya bin sawun abin. A binciken ƙasa na 1958 zuwa 1959 an samu kashi 5.1 cikin ɗari masu hawan jini. A na 1979 zuwa 1980 ya koma 7.7, a 1991 ya kai 13.6, a 2002 ya doshi 18, a na 2012 zuwa 2015 kuwa kusan kashi 28 na waɗanda aka auna. Ma'aunan da aka yi amfani da su a waɗannan shekaru ba iri ɗaya ba ne sak, amma ko an yi rangwame, hanyar hawa ce ba sauka. Abin da ya fi tayar mini da hankali ba yawan ba ne. Wani gagarumin aiki da aka buga sakamakonsa a 2017 ya auna mutum miliyan 1.7 'yan shekara 35 zuwa 75. Kusan kashi 45 cikin ɗari suna da hawan jini. A cikinsu waɗanda suka san suna da shi ba su kai rabi ba, masu shan magani ba su kai ɗaya cikin uku ba, waɗanda kuma jininsu ya sauka ya zauna daidai kashi 7 ne kacal. Bakwai cikin ɗari, a ƙasar da ke ƙera jirgin ƙasa mai gudun kilomita 350 a awa. Hawan jini ba ya ciwo, ba ya hana mutum buɗe shago, shi ya sa ake raina shi a can kamar yadda ake raina shi a nan.

Yanzu mu zo kan gishiri, inda zan ɗan daɗe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Basine yana cin giram 10 zuwa 11, ninki biyu ke nan. A wani bincike da aka yi a cibiyoyi 52 na duniya a shekarun 1980, inda aka tara fitsarin yini guda na mutane aka auna gishirin da ke ciki, birnin Tianjin ne ya zo na ɗaya. Kuma inda gishirin yake shigowa ya bambanta da na Turawa. Bature yana samun nasa ne daga burodi da abincin gwangwani da naman kanti, don haka gwamnati tana iya kiran kamfanoni ta ce su rage, mutane su ci ba su ma sani ba. A Sin kusan kashi huɗu cikin biyar na gishirin a tukunya ake zuba shi, da hannun mai girki: gishirin kansa, da baƙin romon waken soya, da ƙullun waken da aka tsima, da ganyen da aka jiƙa a gishiri, da sinadarin ɗanɗano. Wancan ganyen da kake gani a faranti kana cewa abincin lafiya ne, ka tambayi abin da aka soya shi da shi.

Abin yana da tarihi. A arewacin Sin sanyi kan yi wata huɗu ko biyar ƙasa ba ta fitar da komai. Kafin firji ya shiga gidaje, iyali kan sayi tulin kabeji a kaka su tsima shi cikin gishiri, shi za a ci har bazara. Harshe ya saba, ko da firji ya zo ɗabi'ar ba ta tafi ba. Shi ya sa in ka shimfiɗa taswirar Sin ka yi alama a inda shanyewar ɓarin jiki ta fi yawa, za ka ga ta taru a arewa da arewa maso gabas, irin su Heilongjiang da Jilin da Liaoning, tana raguwa in ka gangaro kudu. Guangzhou da kake zuwa tana cikin yankin da abin ya fi sauƙi, don girkin mutanen Guangdong, lardin da birnin yake, bai cika gishiri ba, kuma sun fi samun ɗanyen ganye da 'ya'yan itace, waɗanda ke ɗauke da sinadarin fotasiyam mai saukar da jini. Sai dai da yawan masu shaguna a birnin ba 'yan asalin can ba ne, kowa ya zo da harshen garinsu. Sanyin kansa ma yana da hannu: wani bincike da ke bin mutum fiye da 500,000 a yankuna goma tun 2004 ya gano cewa lambar sama ta awon jini tana ƙaruwa da kimanin maki 10 a hunturu in an kwatanta da lokacin zafi.

Gwamnatoci sun gwada dabaru. A wajajen 2008 hukumomin Beijing sun raba wa gidaje 'yan cokula masu ɗaukar giram 2 don mai girki ta riƙa aunawa. Lardin Shandong ya yi gangamin shekara biyar daga 2011, kuma cin gishiri ya ragu a can. Amma gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda aka buga a 2021. An ɗauki ƙauyuka 600 a larduna biyar na arewa, Hebei da Liaoning da Ningxia da Shanxi da Shaanxi, mutum kusan 21,000, waɗanda ko dai sun taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko kuma sun kai shekara 60 da hawan jini. Rabin ƙauyukan aka ba su wani gishiri da aka cire kashi ɗaya cikin huɗu nasa aka maye da gishirin fotasiyam, sauran suka ci gaba da nasu na kullum. Ba a ce kowa ya canja girki ba, ba a hana kowa komai ba. Bayan kusan shekara biyar, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari a ƙauyukan sabon gishiri, mutuwa ta kowane dalili ta ragu da kashi 12. Magunguna masu tsada da yawa ba su kai wannan ba.

A nan dole in tsaya in ja kunne, don na san yadda labari ke juyawa in ya shiga WhatsApp. Wannan gishirin fotasiyam ba kanwa ba ne. Sunan da Turawa ke kiran kanwa da shi yana sa mutane su ɗauka fotasiyam ce, alhali yawancinta sodiyam ce, wato ainihin sinadarin da ke tayar da jini a cikin gishiri. Tun a shekarun 1970 likitocin da suka yi aiki a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da gazawar zuciyar masu jego. Sannan shi kansa gishirin fotasiyam ɗin bai dace da mai ciwon ƙoda ba, da mai shan wasu magungunan da ke tara fotasiyam a jini, kuma irin waɗannan ba a sa su a gwajin ba. Abin da ya haɗa mu da Sinawa a nan shi ne mu ma gishirinmu a tukunya yake shiga, da ɗunƙulen ɗanɗano da yajin tsire da kilishi da busasshen kifi.

Taba ita ce ta biyu, kuma kai shaida ne, tunda ka zauna ciniki da su. Masu shan taba a Sin sun haura miliyan 300. Binciken 2018 ya nuna rabin mazan ƙasar suna sha, mata kuwa kashi 2 cikin ɗari ne kawai. Matan ba su tsira ba duk da haka, domin fiye da kashi biyu cikin uku na marasa sha suna shaƙar hayaƙin wasu a gida ko wurin aiki ko wuraren jama'a. Taba a can ta yi kama da goro a wurinmu: da ita ake buɗe gaisuwa, da ita ake karrama baƙo, ana kai kwalinta mai tsada gidan suruki, ana jera ta a teburin biki, kuma ƙin karɓa yana iya zama raini. A wajajen 2010 kimanin mutum miliyan ɗaya taba take kashewa a shekara, kuma masu bincike sun yi hasashen zai kai miliyan biyu a wajajen 2030 in ba a canja ba. Sin ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, Beijing ta hana sha a cikin gine-ginen jama'a a 2015, Shanghai ta bi baya a 2017, amma doka guda da ta game ƙasar duka ba ta samu ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin tabar ƙasar na gwamnati ne, shi ne mafi girma a duniya, yana zuba maƙudan kuɗi a baitulmali, kuma hukumar da ke sa ido a kan harkar da kamfanin da ke sayarwa gida ɗaya ne. An ba kura ajiyar nama. A ganina wannan ne wurin da Sin ta fi gazawa, domin ƙasar da ta iya share sararin samaniyar Beijing cikin shekara goma ba za ta ce taba ta gagare ta ba.

To sirantakar fa? Nan ne ka yi wa rogo kallon kitse, kuma ba kai kaɗai ba, likitoci ma sun daɗe suna yi. Mutanen gabashin Asiya suna tara kitse a cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, tun jikinsu bai nuna ƙiba a waje ba, kuma ciwon suga yana kama su a nauyin da Bature zai ce lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa Sin ta saukar da ma'auninta. A lissafin da ake yi na nauyi da tsawo, Turawa kan ce mutum ya yi ƙiba sosai in ya kai maki 30, Sinawa suka ce 28, sannan namijin da ƙugunsa ya kai santimita 90 ko macen da nata ya kai 85 sun shiga layin haɗari. Da wannan ma'auni, rahoton gwamnati na 2020 ya ce fiye da rabin manyan ƙasar nauyinsu ya wuce kima. Ciwon suga kuwa a 1980 bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. A 2018 ya wuce kashi 12. A 2021 an ƙiyasta masu shi da miliyan 141, mafi yawa a duniya, kuma mafi yawansu ba su san suna da shi ba.

Yadda aka yi haka cikin rayuwar mutum guda ba abin mamaki ba ne in ka duba inda aka fito. A 1978, lokacin da aka fara buɗe tattalin arziki, mazauna birane ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Yau sun doshi biyu cikin uku. Mutumin da ya tashi yana noma da fartanya, yana tafiya aiki a keke, yana ganin nama ranar sabuwar shekara, shi ne yanzu yake zaune a shago ko a mota, nama da mai kullum, abinci yana iske shi har ƙofa in ya danna waya. Man girki da ake ci ya haura giram 40 ga mutum a yini, alhali shawarar hukumominsu giram 25 zuwa 30 ce. An yi wani lissafi a kan Beijing da ke nuna abin ƙarara: daga 1984 zuwa 1999 mutuwa daga toshewar jijiyoyin zuciya ta ƙaru da kashi 50 cikin ɗari a maza da 27 a mata 'yan shekara 35 zuwa 74, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarin an danganta shi da hauhawar maiƙon jini, wato kolestirol. Don haka yanzu Sin tana ɗauke da kaya biyu, tsohon ciwonta na ƙwaƙwalwa bai tafi ba, ga na zuciya irin na Turawa ya iso. Tsakanin 2001 da 2011 yawan waɗanda ake kwantarwa a asibiti da mummunar toshewar jijiyar zuciya ya ninka sau huɗu.

Akwai wani abu mai taɓa zuciya da ya shafi 'yan shekara sittin da ɗoriya na yanzu. Waɗanda aka yi cikinsu a lokacin babbar yunwar 1959 zuwa 1961, bincike da dama sun nuna sun fi saurin kamuwa da ciwon suga in suka samu wadata da girma. Jikin da aka gina a kan yunwa ba ya iya ɗaukar ƙoshi.

Giya da hayaƙi zan taƙaita. Mazansu suna shan wata farar giya mai ƙarfi a teburin ciniki, kuma wancan binciken na mutum rabin miliyan ya yi amfani da bambancin halitta tsakanin Sinawa masu iya shan giya da waɗanda fuskarsu ke ja in sun kurɓa, ya nuna a 2019 cewa giya tana tayar da jini tana ƙara shanyewar ɓarin jiki daidai gwargwadon sha, babu wani ɗan kaɗan da ke kare mutum daga ita. Ƙurar gawayin kwal ma ta yi ɓarna, musamman a arewacin kogin Huai inda gwamnati ta daɗe tana ba da kwal na ɗumama gidaje, da kuma karkarar da mata ke girki da kwal ko itace a rufaffen ɗaki. A nan kam an samu ci-gaba: ƙananan ƙwayoyin ƙura a iskar Beijing sun sauka daga kusan maki 90 a 2013 zuwa wajen 30 cikin shekara goma.

Koren shayi? Wasu bincike sun ga masu shansa sun ɗan fi lafiyar zuciya, amma irin binciken da ba ya iya raba shayin da sauran halin mai shansa ne. Ko da yana da amfani, ɗan kaɗan ne, ba zai goge giram 11 na gishiri da kwalin taba ba.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne cutar ta ƙaura daga birni ta koma ƙauye. Tun 2009 mutuwa daga cututtukan zuciya da jijiyoyin jini a karkara ta zarce ta birane, kuma ba ta sake komawa ƙasa ba. Miliyoyin matasa sun tafi ci-rani masana'antu, an bar tsofaffi da jikoki. Gishiri ya fi yawa a can, taba ta fi yawa, asibitin da zai iya buɗe jijiya yana da nisa. A birane an gina cibiyoyin ciwon ƙirji dubbai, kuma a ƙarshen 2020 gwamnati ta yi sarin 'yar ragar ƙarfen da ake zurawa a buɗe jijiyar zuciya a dunƙule, farashinta ya faɗo daga wajen yuwan 13,000 zuwa wajen 700. A matsayinka na ɗan kasuwa ka san abin da sari mai yawa ke yi wa farashi. Sai dai ragar ƙarfe tana amfanar wanda ya isa asibiti da rai ne.

Shi ya sa gwajin da nake yawan ba ɗalibai labarinsa ba na babban asibiti ba ne. A ƙauyuka 326 na lardunan Liaoning da Shaanxi da Hubei, an ɗauki masu hawan jini kusan 34,000. A rabin ƙauyukan aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye, magadan waɗanda a zamanin shugaba Mao ake kira likitoci marasa takalmi, mutanen da ba su yi karatun likita cikakke ba. Aka ba su tsari a rubuce na wane magani za a fara da shi da lokacin da za a ƙara, aka ba marasa lafiya magani kyauta ko da rangwame da na'urar awo a gida, likitoci na duba aikin daga nesa. Bayan wata 18, kashi 57 cikin ɗari jininsu ya sauka ƙasa da 130 bisa 80, a sauran ƙauyukan kuwa kashi 20. Bayan shekara uku, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya da mutuwar da suke jawowa sun ragu da kashi ɗaya cikin uku. Tsofaffin magunguna ne masu arha, irin waɗanda ke kowane kemis. Kafin wannan ma, a garin Daqing mai arzikin man fetur, a 1986 an ɗauki mutum 577 da sugansu ya fara hawa, aka koya wa wasu gyaran abinci da motsa jiki na shekara shida kawai. Da aka waiwaye su bayan shekara 30, waɗanda aka koya wa sun jinkirta kamuwa da ciwon suga da kusan shekara huɗu, mutuwar ciwon zuciya a cikinsu ta yi ƙasa da kashi ɗaya cikin uku.

Wani ɗan ratse, tunda tarihin zuciya a Sin ba ya cika sai da shi. A 1935 wata cuta ta ɓulla a gundumar Keshan ta lardin Heilongjiang, tana kumbura zuciyar yara da mata masu shekarun haihuwa. An shafe shekaru kafin a gane cewa ƙasar noman yankin ba ta da sinadarin seleniyam, kuma da aka fara ba da shi a shekarun 1970 cutar ta ja baya ƙwarai. Na kawo ta ne don likitoci a Yamai da Kano su ma sun samu ƙarancin wannan sinadari a jinin mata masu ciwon zuciyar bayan haihuwa, cutar da ta yi yawa a ƙasar Hausa.

Game da abokin naka, ban gan shi ba, ba zan yanke hukunci a kan abin da ya kayar da shi ba. Amma namiji ɗan hamsin da wani abu, mai shago, a Sin, in aka ce in yi hasashe zan ce hawan jinin da ba a sani ba ko aka daina shan maganinsa, da taba. In kuna waya da ɗansa, abin da ya fi muhimmanci yanzu shi ne kada a sake na biyu, domin wanda ya taɓa samu shi ya fi kowa haɗarin sakewa: magani kullum ko ya ji garau, awon jini a gida, taba ko kara ɗaya a'a, da gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ba fashi, don watannin farko ne jiki ya fi farfaɗowa. Ɗan shi ma ya auna nasa, ko shekarunsa talatin ne. Akwai kuma wani abu da likitocinsu suka sani sarai: fiye da rabin Sinawa suna da wani bambancin halitta da ke rage ƙarfin kilofidogirel, ɗaya daga cikin magungunan hana jini daskarewa da ake bayarwa bayan irin wannan ciwo, kuma a manyan asibitocinsu ana iya gwadawa a canja wani. Zai iya tambaya.

Kai kuma da kake yawan zuwa, riƙe lambar motar asibiti ta Sin, 120. Likitocinsu sun mayar da lambar kanta abin tuna alamomin shanyewar ɓarin jiki: 1, ka dubi fuska ɗaya, ko ta karkace, 2, ka sa ya ɗaga hannu biyu, ko ɗaya yana faɗuwa, sifiri kuma, wanda a harshensu sunansa ya yi kama da kalmar saurare, ka saurari maganarsa, ko ta sarƙe. In ka ga ko ɗaya, a kira nan take, kada a ba shi ruwa ko magani ta baki, kuma a lura da ƙarfe nawa abin ya fara, don allurar da ke narkar da gudan jinin ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi na farko.